Bilatus Barau da Neman Takwara

Bilatus Barau ya rasu a Ƙanƙara bara da damina, yana da shekara sittin da bakwai ko da takwas. Manomi ne, kuma mai horar da shanun huɗa. Ni taubashiyarsa ce, uwata ƙanwar ubansa ce, tare muka tashi a Unguwar Marke, wani ƙauyen Maguzawa da ke tsakanin Mabai da Sheme. Iya sanina, daga Ƙanƙara har Faskari har Sabuwa babu Kirista mai wannan suna sai shi. Abu ɗaya ya nema wurin 'ya'yansa tun da suka fara haihuwa, a yi masa takwara, kuma ya shekara goma sha tara yana nema.

Sunan ya samo asali daga ubansa, Kawu Barau. Bamaguje ne na sosai, mai tsafin gona, da tukunyar giya a bayan ɗaki. Da wani mai bishara ya zo daga wajen Zariya ya kafa rumfar sujada a ƙauyenmu, Kawu yana cikin mutum biyar na farko da suka bi shi. Bai iya karatu ba, bai kuma taɓa koya ba. Kowace Lahadi jama'a kan miƙe tsaye su faɗi shaidar bangaskiya da ka, da sauri, kamar yara na haddar lissafi. Kawu ba ya kama maganar duka, sunaye yake tsinta. Ya lura guda uku ne: Yesu, Maryamu, sai Bilatus. Ya tambayi na kusa da shi ko wane ne wannan na ukun, aka ce masa gwamnan Romawa ne a zamanin Yesu. Bai ƙara tambaya ba. A ganinsa mutumin da ake miƙewa tsaye a ambace shi duk mako, kusa da Ubangiji da uwarsa, ba ƙaramin mutum ba ne.

Matarsa ta haifi namiji bayan mata uku. Kawu ya yi lissafinsa shi kaɗai. Sunan Yesu ya fi ƙarfin ɗan manomi, Maryamu na mata ne, saura gwamna. Mai bishara kuwa ya kai matarsa asibiti a Funtuwa, ya yi mako biyu ba ya gari. Ranar bakwai aka yanka rago, wanzami ya yi aski, aka faɗi suna, mata suka yi guɗa.

Da mai bishara ya dawo ya ji, sai ya zaunar da Kawu a gindin marke, ya yi masa bayanin cewa wannan gwamnan shi ne ya yanke hukuncin a gicciye Yesu, ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannunsa a gaban jama'a. Ya ce a sake suna. Kawu ya ce, "Malam, ragon fa an cinye shi. Kai ma an aje maka ƙafa."

A wurinmu sunan da aka zubar wa jini ba ya cirewa. Ana iya lulluɓe shi da laƙabi, amma yana nan. Mai bishara bai san haka ba, ya yi ta magana har ya gaji. Ƙafar ragon dai ya karɓa.

Bilatus yana da shekara tara ya ji labarin mai sunansa, a makarantar Lahadi, yara duka suka juyo suna kallonsa. Ya koma gida ya tambayi ubansa. Kawu ya ce masa shi ma daga baya ya ji, wancan mutumin ya yi aikinsa ya mutu a ƙasarsu, shi kuma ya tashi ya kai wa shanu ruwa. Iyakar bayanin da ya samu ke nan. Daga shekarar, duk wasan kwaikwayon gicciye Yesu da ake yi a bikin Ista shi ake ba gwamna, ba a ma tambayarsa. A ɗaura masa jan zane, a ajiye masa ƙwarya da ruwa. Ya yi ta yi har gemu ya fito masa, sannan ya ce a nemi wani.

Ni ma ban raga masa ba. Idan na kai abinci gidansu nakan durƙusa in ce, ranka ya daɗe ga ruwan wanke hannu. Shi kuma ya ce baiwar gidansu ta zo, a ba ta ƙanzo ta koma. Haka muka yi har muka tsufa.

Makaranta aji uku ya yi ya bari. Shanu su ne karatunsa. Mutum zai kawo masa bijimai biyu 'yan shekara uku waɗanda ba su taɓa jin igiya a wuya ba, ya dawo bayan mako uku ko huɗu ya tarar suna jan garma a miƙe. Yakan fara da huda musu hanci, ya ɗaure su tare a inuwa kwana biyar, su ci tare su sha tare. Sannan ya ɗora musu karkiya ba komai a bayanta, ya yi ta zagaya saura da su safe da yamma. Bayan nan ya ɗaura gungumen itace su ja. Garma ita ce ta ƙarshe. Ba ya haɗa masu zafi biyu, ba ya haɗa masu sanyi biyu. Idan aka kawo masa irin haka yakan ce mai su ya koma kasuwar Sheme ya musanya ɗaya, in ya ƙi ya kwashe kayansa. Ba ya dukan bijimi, amma na sha ganin ya mari mai bijimi don ya same shi yana duka. Mutum ne mai taurin kai da saurin fushi, kuma ba ya ba da haƙuri. Matarsa Rahila ta sha fama.

Har daga Sabuwa ake kawo masa shanu. Musulmi suna ce masa Bilatu mai shanu, sunan bai dame su da komai ba. Babban abokinsa ma Malam Almu ne, mahaucin Sheme, shekara arba'in suna zama benci ɗaya ranar kasuwa. A majami'a ne kawai sunan yake da nauyi. Shi ya yi jigilar dutsen ginin da amalankensa, shi ya hau ya buga kwano, amma sau uku ana zaɓen dattawan ikilisiya ana tsallake shi. Wata mata ta faɗa a gabana cewa ba za ta iya rufe ido a ce Dattijo Bilatus zai yi addu'a ba. Da maganar ta kai kunnensa, cewa ya yi a Sheme akwai Yahuza uku, ɗaya ma ladani ne, bai taɓa jin an tambaye su wa suka sayar ba, alhali Yahuza ne ya sayar da Yesu.

Wani saurayin fasto da aka turo mana daga makarantar tauhidi ya ɗauki abin da gaske. Ya je gidansa da wani ƙaramin littafi, ya ce Sabon Alkawari ne da Helenanci, harshen da aka fara rubuta shi da shi. Ya buɗe ya nuna masa sunan, ya ce a can Pilatos ake faɗa, sunan Baroma ne da marubuta suka sa da haruffan Helenawa, bakin Bahaushe ne ya mai da shi Bilatus. Ya ce sunan ba na annabi ba ne, ba na manzo ba ne, ba ma na Bayahude ba ne, don haka babu abin da zai rasa idan ya bar shi. Ya ba shi zaɓi, Bitrus ko Bulus, ya ce shi da kansa zai sanar a majami'a, zaɓe mai zuwa kuma ba wanda zai sami bakin magana.

Bilatus ya karɓi littafin ya daɗe yana duban haruffan. Ya tambaya ko an faɗi wanda ya raɗa wa wancan gwamnan suna. Fasto ya ce ba a faɗa ba.

"To ni na san wanda ya raɗa mani," in ji shi. "Ga kabarinshi can bayan rumbu. Ka je ka gaya mashi, in ya yarda na yarda."

Ya dai roƙi fasto ya rubuta masa sunan da waɗancan haruffa a takarda, ya manna a bayan ƙofarsa. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Dattijon ikilisiya kuwa bai taɓa zama ba.

'Ya'yansa maza biyu ne, Ɗanlahadi da Tanimu. A wurinmu mutum mai 'ya'ya maza, idan jikoki suka yi ta zuwa ba a yi masa takwara ba, jama'a kan ɗauka akwai abin da ya yi wa 'ya'yansa. Ba a faɗa a gabansa, amma ana faɗa. Ɗanlahadi, wanda ke koyarwa a firamare a Faskari, ya haifi maza uku a jere. Kowane ciki, da zarar ya fito, Bilatus zai ware rago ya fara ba shi dusa da harawa. Bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba, ragon shi ne roƙon, kowa kuma ya gane. Na farko aka sa masa Dauda. Na biyu aka sa masa Nuhu, sunan uban matar, wannan shi ya fi yi masa ciwo, ya yi wata biyu bai taka Faskari ba. Na uku Iliya. Duk sau ukun ragonsa aka yanka, ya zauna ya ci, ya koma gida.

Na taɓa tambayar Ɗanlahadi dalili, ko da yake na sani. Ya ce shi ya san abin da ya sha a makaranta da aka kira shi ɗan Bilatus, ba zai ɗora wa yaro sunan gaba ɗaya ba. Na ce masa da gaskiyarsa. Na kuma gaya wa Bilatus haka, ya ce ba a tambayi baiwa ba.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa 'yan bindiga suka shiga Unguwar Marke da rana tsaka, suka kora shanun ƙauyen duka, har da bijimai shida na mutane da yake horarwa. Bayan zuwansu na biyu kowa ya tashi. Shi da Rahila suka koma Ƙanƙara wurin Tanimu, mai gyaran babura, a wani gidan haya mai ɗaki uku da tsakar gida kamar tabarma biyu. Ni ina wurin 'yata, layi biyu tsakaninmu. Mutumin da ya saba tashi ya ga shanu ya koma zaman ƙofar gida. Ƙafafunsa suka fara kumbura, likita ya ce hanta ce.

Matar Tanimu, Lidiya, 'yar Malumfashi ce, ta yi sakandare, tana ɗinki. 'Ya'ya mata biyu gare ta. A shekarar da ciwon ya kwantar da shi ta haifi namiji. Wannan karon ba shi da rago. Kwana uku da haihuwa sai ga Malam Almu, wanda shi ma gudun ya kawo Ƙanƙara, ya jawo wani farin rago ya ɗaure a tsakar gidan, ya gaisa ya tafi. Ba wanda ya tambayi wa ya aike shi.

Tanimu ya rasa inda zai sa kansa. Yana son ya yi wa ubansa, don ya ga ba zai kai wata haihuwar ba. Lidiya ta ce ba da ɗanta ba. Ran kwana biyar Bilatus ya aika a kira ni. Na same shi kwance, cikinsa ya yi tulu. Ya ce Tanimu ba shi da ƙashi, maganar tana hannun yarinyar, shi kuma suruki ba ya shiga ɗakin maijego, ita ma ba za ta iya ɗaga ido ta yi masa magana ba. In je in gaya mata yana roƙo. Tun da nake ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba. Na ce masa zan kai saƙo, amma ya sani ni ma da ɗana ne ba zan sa ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya aike ni, ba zan ƙara gishiri ba.

Taku bakwai ne daga ƙofarsa zuwa ta Lidiya. Ranar na yi su ya fi sau goma, kuma ina da tabbacin kowa yana jin abin da ɗayan ke faɗa tun kafin in isa.

Lidiya tana zaune bakin gado tana shan kunun kanwa. Ta ce in gaya wa Baba tana ganin girmansa, bai taɓa ɓata mata ba, amma yaron zai shiga makaranta, za a kira rajista, zai nemi aiki, zai je neman aure gidan Kirista. Na kai. Ya ce shi ma ya yi aure gidan Kirista, ga Rahila nan ba ta mutu ba. Rahila da ke tankaɗe a tsakar gida ta ce saura kaɗan. Na koma. Lidiya ta ce to a sa masa Barau, ai duk gida ɗaya ne. Ya ce Barau yana da takwarori biyu wurin 'ya'yansa mata, shi ne ba shi da ko ɗaya. Ta ce a sa Bitrus, a riƙa ce masa Baba, kowa ya san don wa aka yi. Ya ce wannan wayon an taɓa kawo masa shi da littafi.

Wajen la'asar Lidiya ta ajiye kofi ta ce, "Inna, ki gaya mashi gaskiya yadda na faɗa. Katin asibiti na riga na sa an rubuta Imanuwel. Takardar haihuwa ma haka za a rubuta, da ta makaranta. Wannan ba mai sauya shi."

Na ɗauka magana ta ƙare. Na je na faɗa masa kalma da kalma. Ya tambaye ni ko an yanka wa katin wani abu. Na ce ba a yanka ba. Ya ce to ta rubuta abin da take so, takarda ta gwamnati ce, shi ragon yake magana. Ranar bakwai a yanka shi da sunan Bilatus, a faɗa da ƙarfi maƙwabta su ji, ba a cikin ɗaki ba.

Lidiya ba ta yi tsammanin haka ba. Ta sa na maimaita sau biyu. Ta ce in ta yarda, ba mai kiran yaron da sunan a waje, ba mai kai shi makaranta. Ya ce ba ruwansa da makaranta, aji uku ya yi. Amma shi ma yana da sharaɗi: duk wanda ya tambaye ta sunan yanka na yaron, ko bayan ransa, kada ta ɓoye. Ta daɗe tana jijjiga jaririn kafin ta ce ta ɗauka.

Sauran rigimar ta maza ce. Ɗanlahadi ya zo daga Faskari ran kwana shida ya ce an yi haka ne don a nuna shi ne ɗan banza. Tanimu ya ce shi bai ce ba. Faston unguwar ya ce zai zo ya yi wa yaro addu'a, amma bakinsa ba zai sanar da wannan suna ba. Bilatus ya ce dama bakin fasto bai sanar da nasa ba.

Da safiyar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Fasto ya yi addu'a, ya ambaci Imanuwel, ya ce yana da wani taro, ya hau babur. Aka kamo Bilatus mutum biyu aka zaunar da shi jikin bango. Malam Almu ya kayar da ragon, don shi ke mana yanka duk wani taro saboda maƙwabta Musulmi su ci. Ya ɗora wuƙa ya juyo ya ce, "Bilatu, wa za a ce?"

Ya faɗa, amma murya ba ta fita ba, na kusa da shi kaɗai suka ji. Ya dubi Tanimu, Tanimu ya sunkuyar da kai. Ɗanlahadi yana can gefe yana duba waya. Ina tsaye bakin zaure, sai na faɗa da ƙarfi yadda har masu shago suka ji, na juya ciki na sake faɗa wa mata. Guɗar ta ɗan makara. Rahila ce ta fara, sauran suka bi.

An gasa masa hanta, ya ci yanka ɗaya duk da likita ya hana, ya ce a mai da shi ɗaki.

Mako bakwai ya ƙara a duniya. Kowace safiya sai an kai masa yaron, ya ɗora shi a ƙirji ya kira sunan sau biyu ko uku, yana gaya masa yadda ake gane bijimin da zai yi huɗa tun yana maraƙi. Ranar wata Talata da hantsi ya cika. A maƙabartar Kirista ta Ƙanƙara aka sa shi, don ba hanyar zuwa Unguwar Marke.

Yaron yanzu yana tafiya. Uwarsa da ubansa Baba suke ce masa, kamar yadda ake yi wa duk mai sunan kaka, 'yan unguwa kuma Ima. Ban sauya ra'ayi ba, har yau ina ganin Kawu Barau ya yi kuskure, da ya ƙara tambaya ɗaya da duk ba a yi wannan ba. Watan jiya wata sabuwar 'yar haya, matar wani malamin asibiti daga Kafur, ta ji ana Baba, Baba, ta tambayi Lidiya sunan wa ya ci, mene ne sunansa na yanka. Ina zaune ina tsinke zogale, ban ɗaga kai ba. Lidiya ta ce Bilatus. Matar ta yi dariya, ta ga ba mai taya ta, ta daina. Lidiya ta ci gaba da wankinta.